Na biya kuɗin Warash, amma lambar ayoyi ta Hafsu ce

Wata takwas ke nan ina amfani da wata manhajar nazarin Alƙur'ani a waya, kuma a aikin yau da kullum ta biya ni. Ka rubuta kalma ɗaya, ta zubo maka duk ayoyin da kalmar ta zo a ciki. Tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Gumi na nan ƙarƙashin kowace aya, ga tafsirin Jalalaini, ga na Ibn Kasir, kuma da zarar ka sauke su ba ruwanka da data.

Abin da ya kai ni neman ƙari shi ne yaran da nake biya wa karatu bayan la'asar. Mu nan da ruwayar Warash muka tashi, da ita aka rubuta mana allo, da ita kuma nake koyarwa. Ran nan wani yaro ya kawo allonsa, na yi shakkar wani wasali, na ciro waya in duba. Sai na ga Hafsu ce kaɗai a gabana. Ko a Fatiha ma ruwayoyin biyu sun rabu: Hafsu tana jan "Maaliki", mu kuwa "Maliki" muke cewa. Yaron na tsugune yana jira, dole na tashi na shiga ɗaki na ɗauko tsohon mus'hafina mai tadarishin fata.

Kwana biyu ina laluben inda aka ɓoye Warash. Babu ita a wurin zaɓen masu karatu, babu a wurin tarjama. Ashe tana can cikin saituna, ƙarƙashin nau'in mus'hafi, da ɗan hoton kwaɗo a gefenta, wato sai an biya. Hanya biyu suka bayar: kuɗin wata-wata, ko na shekara mai ɗan rangwame. Na ɗauki na wata guda don in gwada, kuma na gode Allah da ban yi gaggawa ba.

Shafukan sun fito da kyau ƙwarai. Rubutun Magaribi ne sak: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda alarammanmu ya koya mana da tawada da alƙalamin gamba. Akwai kuma karatun Sheikh Husari a ruwayar Warash, a natse, yaro na iya binsa baki da baki. Da na fara saka wa yaran, har masu surutu suka yi tsit.

Sai dai shafukan hotuna ne kawai aka ɗora. Bincike da alamar wurin tsayawa da tafsiri duk suna bin ƙidayar Kufa, mai aya 6236, alhali mus'hafin Warash yana bin ta Madina, mai 6214. Baƙara a can 286 ce, a wurinmu 285, domin "Alif Lam Mim" ba aya ce mai zaman kanta ba a lissafinmu. Don haka in ka taɓa aya a shafi, wani lokacin tafsirin maƙwabciyarta zai buɗe. Ni na gane saboda na haddace, amma ɗan koyo zai tafi da kuskuren bai sani ba, kuma wannan ya dame ni sosai.

Rabon sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu, ma babu. Izu sittin na nan, amma malamin allo da sumuni yake auna karatun yaro, ba da shafi ba.

Na aika wa masu manhajar saƙo kan lambar ayoyin da sumunin. Sun amsa cikin ladabi cewa suna dubawa. Mai son jin Husari da kallon shafin Warash, wata guda ya ishe shi ya gane ko ta yi masa. Ni dai na shekara zai jira har ranar da zan taɓa aya ta 285 a Baƙara in ga tafsirin "La yukallifullahu", ayar ƙarshe ta surar, ya buɗe.