Na ba da jini leda ɗaya, na farka kwance a barandar asibiti

Matar ƙanena ce ta haihu da daddare a gida, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke dafa mutum ko yana zaune a inuwa. Jariri ya zo lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Kafin asuba muka nemo mota daga ƙauyenmu, can cikin fadamar Haɗeja, zuwa asibitin da ya fi kusa. Likita na duba ta ya ce a nemo jini leda biyu.

Mu biyar muka rako ta. Da aka ambaci jini, sai ɗaya ya tuna yana fama da zazzaɓi, ɗaya kuma ya fita neman canji, ba mu sake ganinsa ba sai bayan azahar. Ban ga laifinsu ba, don ni ma cikina ya ɗuri ruwa. Tun muna yara muke jin cewa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, wai yana rage wa namiji ƙarfi, wai ma'aikata na sayar da shi. Akwai kuma tsoron da ba a faɗa a fili, wanda a ganina ya fi duka girma: kada a gwada jininka a gano wata cuta, labari ya riga ka isa gida. Abin dariyar shi ne, duk cikinmu babu wanda wanzami bai taɓa kafa wa ƙaho ba, jini ya zuba muna kallo muna cewa jiki ya yi sakayau.

Ta fannin gwaji, ɗakin lab ɗin ya burge ni. Ma'aikacin ya ɗora ni a sikeli, ya ce wanda bai kai kilo 50 ba, ko bai kai shekara 18 ba, ba a ɗibar nasa. Ya auna hawan jinina, ya tsira min allura a yatsa don ganin ko jinin ya kai a ɗiba. Sannan aka gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Sakamakon kuwa ni kaɗai ya kira ciki ya faɗa wa, ƙofa a rufe, ko ƙanena bai ji ba. Nawa ya fito rukunin O, na mai jegon B, don haka ya dace da ita. Na mijinta A ne, ba zai shige ta ba, sai aka ara mata leda ɗaya daga firij aka ajiye nasa a madadi. Allura da leda duk a gabana aka ɓare su daga takardarsu.

Allurar tana da kauri, ba zan ɓoye ba, amma zafinta na shiga ne kawai, ko ƙayar aduwa ta fi ta. Cikin kamar minti 10 leda ta cika.

Daga nan ne aikin nasu ya gaza. Ana zare allura aka manna min auduga da filasta, aka ce, "Malam, tashi, akwai na bayanka." Gado ɗaya ne a ɗakin. Babu wanda ya tambaye ni ko na karya, ni kuma rabona da abinci tun tuwon daren jiya, ruwa ko kofi ɗaya ban sha ba, ga rashin barci. Na miƙe da kuzarina na fito baranda. Ƙanena ya tare ni yana cewa, "Sannu Yaya, Allah ya saka da alheri." Ina jin muryarsa tana nisa kamar daga cikin rijiya. Gumi mai sanyi ya keto min, zuciyata ta tashi, bishiyar darbejiyar da ke gabana ta yi duhu. Abin da na sani ke nan.

Na farka a kwance a kan siminti, wata nas ta ɗaga ƙafafuna ta ɗora a benci, Inna tana kaina tana salati tana cewa sun ƙarar da jinin ɗanta. An ce ko minti ɗaya ban yi ba.

Nas ɗin ce ta yi min bayanin da ya kamata a yi tun kafin a soka allura. Jinin babban mutum ya kai kamar lita 5, abin da ake ɗiba kuwa mililita 450 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, bai ma cika ledar fiya wata ba. Suman ba ƙarewar jini ba ne. Idan tsoro da yunwa da ƙishirwa suka haɗu, mutum kuma ya miƙe farat ɗaya, bugun zuciya kan ragu, jijiyoyi su saki, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci. Da ka kwanta aka ɗaga ƙafa, jini ya gangaro, sai ka dawo hayyacinka. Hatsarin yana wajen faɗuwar ne. Ni na tsira da ƙulu a ƙeya. Da a kan babur abin ya same ni, a hanyar komawa gida, da labarin ya sha bamban.

Ruwan jinin kan cike gurbinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma sai an yi makonni, shi ya sa ake ce wa maza su bari sai bayan wata uku, mata wata huɗu. Ƙanena ya ruga ya sayo min lemon malt da madarar gwangwani, kamar yadda kowa ke yi. Na sha, na ji daɗinsa, amma sukari da ruwa ne ya fi yawa a ciki. Abin da ke gina jini yana nan a gida: hanta, nama, wake, zogale, alayyafo, kifin fadamarmu. Washegari na huta, kwana uku na koma gona, ban ji wani abu ya ragu a jikina ba, har abin nan da maza ke raɗa a kai.

Hukuncina a kan wurin: gwajinsu da riƙe sirrinsu ba su da makusa, kulawarsu bayan ɗiba kuwa ba ta kai ba. Tambaya ɗaya, "Ka ci abinci?", da benci na hutun minti 15, da ledar ruwa, ba sa buƙatar kasafin kuɗi daga Dutse. Kuma asarar ba a kaina ta tsaya ba. Mutum nawa ne a barandar nan suka ga ƙato ya zube? Kowannensu ya koma ƙauyensu da labari, gobe idan aka nemi jininsa shi ma zai tafi neman canji.

Mai jego ta tashi, an yi suna. Cikin watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsotse jinin yara, aka buga min waya saboda ɗan maƙwabcinmu. Na zauna na cinye ɗumamen tuwo da miyar kuka, na shanye ruwa leda biyu, sannan na hau mota. Ma'aikacin nan dai na tarar. Da ya zare allura ya buɗe baki zai ce in tashi, sai ya ƙara kallona, ya yi dariya.

"Au, Malam, kai ne na baranda? Yi kwanciyarka."