Madubin hangen nesa na hannu da na saya a Jidda: kaya mai kyau, amma garantinsa yana Amurka

Jama'a bari in ba ku labarin wani shagon kayan kashta, wato kayan fita shaƙatawa a jeji, da na yi ciniki a kudancin Jidda, ba zan kama sunansa ba, saboda mutane da yawa cikin 'yan uwanmu da ke zuwa jeji da kafilansu, wato iyayen gidansu, ko masu kiwon raƙuma suna tambayata ina na samu nawa madubin hangen nesa kuma nawa na saya. Ni dai abin da ya sa nake son madubin nan duban wata ne, tun ina yaro nake bin kawuna bayan gari ran 29 ga Sha'aban, kuma da na zo ƙasar nan na ga yadda ake nuna masu duba a Sudair da Tumair, can yankin Riyad, a talabijin sai abin ya ƙara shiga raina.

Shagon da kansa ba shi da laifi a ido. Tantuna ne, butocin shayi, fitilu, sai wani gilas a gefe da suke jera madubai sababbi da musta'amal, wato na hannu. Na ɗauki wani 10x42 na wani babban kamfanin Turai, 10 ɗin nan yana nufin yana jawo abu kusa sau goma, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wallahi da na leƙa ta ƙofar shago na hango rubutun wani allo can tsallaken titi tar kamar a tafin hannuna, ko gefe-gefen hoton babu dishi-dishi. Aka yi ciniki riyal 4,200, sabonsa kuwa ya kusa ninki biyu. Yaron shagon yana da haƙuri, ya bar ni na yi ta juya shi fiye da rabin awa bai ɗaure fuska ba, wannan kam na yaba musu. Sai na tambaye shi garanti, ya ce garanti ne na har abada, ya nuno min wani kati cikin kwalin da Turanci. Na ce fatura fa, wato rasit, ya ce ai mai shi na farko bai kawo ba, ya rubuta min wata 'yar takarda da hannu babu ko lambar jikin madubin. Na karɓa na tafi.

Wata bakwai ina morarsa lafiya lau. Sai wata safiya bayan ya kwana a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na fito da shi waje cikin laimar nan ta Jidda, idon hagu ya yi hazo, na goge na goge bai tafi ba, ashe daga ciki ne. Irin waɗannan maduban ana cika cikinsu da iskar naitirojin a toshe don kada raɓa ta shiga, to in ka ga hazo daga ciki toshiyar ta saki kenan, kuma in an bar shi haka naman gwari ne zai tsiro a kan gilashin.

Na koma shagon suka ce su dai sayarwa suke, in nemi wakilin kamfani. Na nemi wakili, abu biyu kawai ya tambaye ni, fatura da lambar jiki. Da aka duba lambar sai ga shi kayan na kasuwar Amurka ne, katin har abada ɗin nan gaskiya ne ba na bogi ba, amma can yake aiki, kuma ga wanda ya saya hannun dilan da aka yarda da shi. Nan ne raina ya ɓaci, don yaron bai yi ƙarya kai tsaye ba amma bai gaya min abin da ya kamata in sani ba, kuma ina da yaƙinin mai shagon ya san da haka tunda ba yau ya fara harkar ba.

Daga nan na zauna na karanta sharuɗan manyan kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun kafin in ciro kuɗi. Swarovski da ke Absam a ƙasar Ostiriya garantinsu na madubi shekara 10 ne, shi kuwa na tsawon rayuwa da ake ta faɗa a kan gilashin na mazauna Amurka da Kanada ne da suka saya wurin dilansu na can. Zeiss na Jamus su ma kusan haka, a Amurka suna da na tsawon rayuwa wanda yake bin kaya ko ya canza hannu, amma a Turai shekara 10. Nikon na Amurka sun faɗa ƙarara cewa kayan da bai shigo ta hannunsu ba garantinsu bai hau kansa ba. Vortex da ke jihar Wiskonsin su ne suka fi sassauci, nasu ba ya neman rasit, yana bin kaya hannu zuwa hannu, har faɗuwa yana ɗauka, sai dai ban da ɓata da sata, kuma ko shi in kana Saudiyya dole ka yi tunanin wa zai karɓa, wa zai biya kuɗin aikawa da dawowa. Masu na'urar auna nisa a ciki kuma ɓangaren lantarkinsu galibi garantinsa ya fi gajarta, wannan ma a lura. Kun ga kenan suna ɗaya a jikin madubi amma alƙawari daban-daban, ya danganta da ƙasar da aka fara sayar da shi da hannun da ya biyo.

Akwai wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka mai gyaran agogo da kyamara da na kai wa. Na ce Kawu ko za ka buɗe min shi ka share? Ya juya shi ya haska fitila ta babban gilashin ya ce, ɗana kar ka bari kowa ya kwance wannan, ni kaina ba ni da abin cika masa iska, kuma da zarar an taɓa shi idanun biyu za su saɓa ka dinga ganin abu biyu-biyu kanka na ciwo, sannan kamfanin ma in suka ga alamar sukudireba shikenan. Bai karɓi ko riyal ɗaya ba, Allah ya saka masa da alheri. A ƙarshe ta hannun wakili aka tura shi Turai gyaran kuɗi, na jira kusan wata biyu, ya dawo garau har robar ido suka canza, amma abin da na biya ya cinye fiye da rabin rangwamen da na yi murna da shi.

To shin in hana mutum sayen na hannu? A'a ni ban hana ba, madubi mai kyau yana shekara ashirin yana aiki, kuma ba kowa ke da riyal dubu takwas ko tara na sabo ba. Amma shagon nan ba zan koma in sayi abu mai tsada ba sai in za su rubuta lambar jiki a fatura mai hatimi da lambar haraji. In za ka saya, a haraj ne, wato kasuwar kayan hannu, ko a shago, ɗauki hoton lambar ka tura wa wakili kafin ka biya ya gaya maka na wace ƙasa ne da shekarar da aka ƙera shi, ka nemi faturar mai shi na farko, ka haska cikinsa da fitilar waya, ka murza dabaran tsakiya ka ji ko tana sarƙewa, ka taɓa robar jiki don zafin mota a ƙasar nan yana sa ta danƙo. In babu takarda ko ɗaya to ka yi ciniki a kan cewa babu garanti, a rage maka kuɗin gyara tun a nan. Ga wanda ya sayi sabo a shago kuma aka hana shi haƙƙinsa akwai layin Ma'aikatar Kasuwanci 1900, amma su ma fatura za su fara tambaya.

Masu duban wata kuma don Allah kar a ɗora madubi a ido ta yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, haskenta ta cikin gilashin nan yana ƙona ido nan take. Nawa yanzu cikin jakarsa yake kwana da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, kuma na daina barinsa a mota.