Elden Ring: gem ɗin da bai tauna ya ba ni a baki ba

Na sayi faifan Elden Ring na hannu, na PS4, kuma gaskiya ban saka rai sosai ba. Shekarun nan kusan duk babban gem da na ɗauka labarin ɗaya ne. Kibiya a saman allo tana nuna maka inda za ka, taswira cunkushe da alamomi, duk dutsen da ake hawa an shafa masa fenti ruwan ɗorawa don kada ka ɓata. Wanda ya fi ci min rai, ka tsaya gaban wata ƙofa kana nazarin yadda ake buɗe ta, kafin ka gama tunani abokin tafiyarka na cikin gem ɗin ya faɗa maka amsa. To ni me ya rage min? Na gane dalili, kuɗin da ake zubawa a manyan gem yanzu ba kaɗan ba ne, ana so kowa ya saya ya kuma kai ƙarshe. Amma mu da muka taso a gidan gem muna biyan kuɗin awa, ana cin mu muna sake zama, wannan tarairayar tana kashe mana daɗin abin.

Shi kuwa Elden Ring, na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda ya fito a Fabrairun 2022, ko wurin zaɓar mai sauƙi ko mai wuya babu. Kana fitowa fili a Limgrave, yankin farko na gem ɗin, ga wani jibgegen mahayi da sulken zinariya yana kai-komo, babu wanda zai ce maka kauce masa. In ka taɓa shi, jikinka ne zai gaya maka.

Amma Margit ne ya tsayar da ni cak, ogan, wato babban abokin gaba, da ke tsare hanyar shiga ganuwar Stormveil. Yakan ɗaga sandarsa sama ya riƙe, ya jira sai ka yi saurin mirginawa, sannan ya sauke maka. Tafin hannuna har gumi yake a kan fad ɗin, wato abin da ake riƙewa ana buga gem. Ina cikin wannan hali ƙanina Sadiku, wanda in ba ƙwallo ba babu abin da yake bugawa, ya ce, "Yaya, ba ni in gwada mana." Bai ma je wurin Margit ba. Ya hau doki ya nausa kudu, ya yi ta yawo yana ƙara ƙarfi, ya wasa makami, sannan ya dawo ya kaɗa wata ƙararrawa da ake kiran ruhohi da ita su taya ka faɗa. Kyarketai uku suka fito suka ɗauke wa Margit hankali, shi kuma yana ta sara ta baya har ya kai shi ƙasa. Ihun da ya yi sai da Umma ta leƙo.

A ranar raina ya ɗan sosu, na ce ashe su ma sun bi sahu, sun sassauta don jawo sababbin masu saye. Har yanzu ina ganin ruhohin nan sun rage wa wasu ogogin kwarjini. Sai dai akwai bambanci babba: babu wanda ya tura wa Sadiku sauƙin nan, shi ya nemo shi da kansa, kuma babu wanda ya tilasta min amfani da shi. Da na fara nawa daga farko, ni kaɗai na tunkari Margit da takobi da garkuwa, na haddace jinkirin sandar nan har na kayar da shi. Daɗin da na ji rabona da irinsa tun ina sakandare. Gem ɗin da aka ce ya fi ƙarfin talakan ɗan wasa ya sayar da kwafi sama da miliyan 20 cikin shekara guda, ya kuma ci kyautar gwarzon gem na 2022. Wa ya ce mutane ba sa son wahala?

Wanda ya sayar min kuwa bai kyauta ba. Ya rantse min sakawa kawai zan yi in fara, bai gaya min akwai sabuntawar da za ta lashe min data ba. Kuma a sani, babu maɓallin tsayar da wasa a cikinsa. In an kira sallah ko an aike ka, sai ka fara neman wurin hutawar nan mai hasken zinariya tukuna. Wannan kam da za a sassauta shi da na yi murna, domin gidajenmu ba a zama awa biyu ba a kira sunanka ba. Mai saye ya tanadi data, kuma kada ya shiga wurin oga dab da magariba.