Piers Morgan da John Oliver: 'Yan Ingila biyu, tarba iri biyu a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne duk ɗan Birtaniyar da ya fito a talabijin ɗin Amurka sai an so shi saboda daɗin Turancinsa. Lafazin yana sa a saurare shi, wannan babu musu. Amma samun shiga daban, zama daban. Ga mutum biyu, ka auna.

Piers Morgan ya shigo da ƙafar dama. Tsohon editan jaridar Daily Mirror ne, ya yi alƙalanci a gasar America's Got Talent tun daga 2006, kuma Amurkawa sun so yadda yake faɗa wa ɗan takara gaskiya babu kara. A Janairun 2011 CNN ta ba shi gurbin Larry King, wanda ya shekara 25 yana shirin hira da dare. Sai ga harin makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, inda aka harbe yara 20 da manya 6. Morgan ya riƙa caccakar dokokin mallakar bindiga kusan kullum, har ya kira wani baƙonsa wawa ana tsaka da shiri. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa Fadar White House, wai a mayar da shi ƙasarsu. Masu kallo suka yi ta raguwa, a Maris 2014 aka rufe shirin. Ni a ganina yana da gaskiya kan batun bindiga, shi ya sa abin yake damuna har yau. Sai dai ya yi maganar kamar baƙon da ya zauna a zaure yana yi wa maigida faɗa a gaban iyalinsa.

Wata guda bayan haka, a Afrilun 2014, John Oliver, haifaffen Birmingham, ya fara shirin barkwanci kan labarai mai suna Last Week Tonight a tashar HBO. Shi ma sukar Amurka yake yi, wani lokaci ma ta fi ta Morgan zafi. Amma ya yi shekaru a wani shirin barkwanci na Amurka, The Daily Show, tun 2006 yana koyon abin da ke sa mutanen dariya, kuma yakan fara da yi wa Ingila ba'a kafin ya juyo kansu. Sannan ba ya tsayawa a surutu. A 2016 shirinsa ya sayi bashin asibiti na kusan dala miliyan 15 da ake bin mutane kimanin 9,000, a kan kuɗin da bai kai dala 60,000 ba, ya yafe musu duka. Wanda aka sauke wa irin wannan nauyi ba zai tsaya tambayar ko mai sukar ƙasarsa baƙo ne ba.

Matar Oliver Ba'amurkiya ce da ta yi aikin jinya a rundunar soja a Iraƙi, kuma a Disambar 2019 shi ma ya zama ɗan ƙasa. Morgan kuwa ya koma talabijin ɗin Landan.