Congress.gov: inda nake bin sawun ƙudurin gyaran aikin 'yan sandan Amurka

Duk mai son sanin inda aka kwana kan ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda a Amurka, ya ajiye saƙonnin WhatsApp ya shiga Congress.gov. Ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ne ke kula da shafin. Kyauta ne, ba talla.

Tasi nake ja a Ohio, don haka maganar wanda ake ba bindiga da kaki ta shafe ni kai tsaye. A jihar nan ne, a Cleveland, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a 2014. Daga baya aka gano wani ƙaramin gari da ɗan sandan ya taɓa yi wa aiki ya riga ya rubuta cewa bai dace da aikin ba, amma masu ɗaukarsa ba su duba fayil ɗinsa ba.

Ka rubuta lambar ƙudurin, H.R. 1280, sannan ka zaɓi majalisa ta 117, domin lambobin suna maimaituwa a kowace sabuwar majalisa. Nan za ka ga ƙudurin da aka sa wa sunan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a 2020. Karen Bass, 'yar majalisar wakilai a lokacin, ita ta gabatar da shi. Majalisar wakilai ta amince da shi ranar 3 ga Maris 2021, ƙuri'a 220 da 212. A saman shafin akwai layin matakai, kuma da ido za ka ga ya tsaya cik a ƙofar majalisar dattawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne taƙaitaccen bayanin da masu bincike na majalisar suke rubutawa, don ainihin rubutun ƙudurin sai lauya. A nan na fahimci batun rajistar ƙasa ta 'yan sandan da aka kora ko aka ladabtar, da ƙarin ikon Ma'aikatar Shari'a na tilasta wa rundunoni miƙa takardu. Ƙasar da ke da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, wanda aka kora a nan ai sai ya tsallaka gaba.

Sai dai shafin na abin da aka yi a fili ne. Cinikin da sanatoci Cory Booker da Tim Scott suka yi kan ƙudurin a bayan labule, ya watse a Satumban 2021, sai ka nemi jarida. Komai kuma da Turanci yake. Na buɗe asusu, suna turo min imel idan wani ƙudurin da nake bi ya motsa.