WAV ko MP3: wanne ya dace da ɗaukar tafsiri?

Malam, ka ce kai aka ɗora wa ɗaukar tafsirin masallacin unguwarku a azumin bana, na'urar da aka ba ka tana da zaɓi biyu, WAV da MP3, wani kuma ya ce maka WAV cin wuri ne kawai. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma kada ka bi ta.

WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, ba ya rage komai. Abin da makirfo ya ji, shi yake ajiyewa. Idan ka saita shi a ma'aunin faifan CD, na'urar tana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya kuma yakan ci wajen MB 10. Zaman awa ɗaya ya haura MB 600, tafsirin kwana talatin ya doshi GB 19. A nan mutumin naka ya yi gaskiya, ba mai datar da zai sauke wannan.

Shi kuwa MP3 dabara ce ta zubar da kaya. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, irin su Karlheinz Brandenburg, su suka yi fice wajen ƙirƙiro shi, aka amince da shi a 1993. Sun lura cewa kunnen ɗan Adam ba komai yake kamawa ba: in an doka ganga da ƙarfi, siririn sautin da ya zo tare da ita yakan ɓace wa kunne. To MP3 sai ya yar da irin waɗannan, ya bar abin da ake ji. Yawan abin da zai yar ya danganta da lambar kbps da ka zaɓa, wato yawan bayanan sauti da yake ajiyewa a kowace daƙiƙa. A 128 minti ɗaya yana cin kusan MB 1, a 320 kuma kusan biyu da rabi. Ga magana zalla, in ka sa 64 a layin sauti ɗaya, wato mono, awa guda ba ta kai MB 30 ba, watan gaba ɗaya bai cika GB 1 ba.

Yawancin mutane ba za su bambance MP3 mai 192 da WAV ba, balle a lasifikar waya. Inda asirin yake tonuwa shi ne in an matse shi da yawa. Saurari mai jan baƙi a MP3 mai 32, ka kasa kunne wajen sinun da shinun da sadun. Za ka ji suna wani shuuu kamar ana magana a cikin ruwa, domin siraran sautuka su ake fara yankewa. Ga karatun Alƙur'ani, inda fitar harafi take da muhimmanci, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Babban abin da ya raba su shi ne gyara. Ai za ka yanke tari, da gaisuwar baƙi, da sanarwar ɗaurin aure. Duk lokacin da ka buɗe MP3 ka gyara ka sake adana shi a MP3, sai an sake zubar da wani abu, kamar hoton takardar da aka yi daga wani hoton, aka sake yin wani daga shi. WAV ko sau ɗari ka adana, yana nan yadda yake. Kuma abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan. Na taɓa ganin wani ya kwana yana mayar da tsofaffin wa'azozi daga MP3 zuwa WAV wai don ya ƙara musu inganci. Filas ɗinsa ya cika maƙil, sautin ko gezau. Kilishi ba ya komawa ɗanyen nama.

Akwai na tsakiya da ba ka ambata ba, FLAC, wanda ya fito a 2001. Shi ninkewa yake yi, ba zubarwa ba, kamar ka danne tufafi a jaka, in ka zazzage su duk suna nan. Yakan rage girman WAV da kusan rabi. Don ajiya ta shekaru ni shi na fi so. AAC kuma, wanda za ka gani da wutsiyar m4a a wayoyin iPhone, ya ɗara MP3 daɗin ji in girmansu ɗaya, sai dai ba kowace rediyo mai memori ce take karanta shi ba. Dattijon da ya kai memorinsa wajen mai turi a kasuwa, MP3 ne zai yi masa aiki a rediyonsa, ya yi a mota, ya yi a ƙaramar waya mai madannai.

Don haka ka ɗauka da WAV, a mono, tunda mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, girman ma zai ragu da rabi. Ka yi gyaranka a kansa, ka ajiye na asali a FLAC, wuri biyu in da hali. Sannan ka fitar da MP3 mai 64 ko 96 don rabawa. Kada ka yarda da ɗauka ta saƙon muryar WhatsApp. Tsarin Opus da yake amfani da shi gwani ne, amma an matse shi sosai don hira, ba don taskar karatu ba.

Sai kuma abin da ya fi duk wannan tasiri. In ka ajiye na'urar a gaban lasifika, ga fanka na kaɗawa, ga janareta na ruri a bayan masallaci, WAV zai adana maka rurin nan tsaf, babu abin da zai rage. Nemi mai kula da amfilifaya tun kafin a ga wata, ya ba ka waya daga jikinta kai tsaye zuwa na'urarka. Ku gwada na minti biyu bayan la'asar, ka saurara da abin kunne, in muryar tana fashewa ya rage maka ƙarfin.