Sikelin kicin mai allo: amfaninsa ga mai rage ƙiba a gidan da hidima ta yi yawa

Girki biyu ne ke kashe yawancin tsarin rage ƙiba mai tsauri a gida mai iyali. Uwargida ta dawo daga aiki, ta ɗora wa yara da maigida tukunya, sannan a ce sai ta sake ɗora tata daban. Kafin a je ko'ina ta gaji, ta koma cin na kowa ba lissafi. Da wannan ido muka duba ƙaramin sikelin kicin mai nuna lamba a allo, irin wanda ke ɗaukar kilo 5 yana ƙirga giram ɗaya-ɗaya. A ganinmu ya cancanci saye, domin yana ba ki damar ci daga tukunyar gida kuma ki san abin da kika ci.

Duk amfaninsa yana kan maɓallin da aka rubuta wa TARE ko ZERO. Ki ɗora kwano, ki danna, lamba ta koma sifili, sai ya auna abin da kika zuba kaɗai. Tun ranar farko ki auna tukwanenki babu komai a ciki, ba murfi, ki rubuta nauyin kowace ki manna a bango.

Ga yadda lissafin yake. A ce za a dafa shinkafa da kaza a tukunya ɗaya. Ɗanyar shinkafa giram 600 tana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 2,160, domin kowane giram 100 yana da kimanin 360. Man girki giram 60 kalori 540 ne. Tsokar ƙirjin kaza marar fata giram 500 kimanin 600, kayan lambu giram 400 kimanin 100. Jimilla 3,400. Idan ya dahu sai ki auna tukunyar, ki cire nauyinta. A ce abincin ya tashi giram 2,400: kowane giram yana da kalori 1.4, wato giram 350 a farantinki kusan kalori 500 ke nan. Ki juya abincin sosai kafin ki zuba, don mai yakan kwanta a ƙasa. Lissafin sau ɗaya ake yinsa, duk ranar da aka maimaita girkin sai awon faranti kawai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa ɗanye da dafaffe. Shinkafa tana shan ruwa ta kusa ninka nauyinta sau uku, shi ya sa dafaffiya giram 100 ba ta wuce kalori 130 ba. Nama kuwa raguwa yake yi, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wadda ta auna ɗanyar shinkafa ta duba lambar dafaffiya za ta ci fiye da ninkin abin da ta rubuta.

Mai ma haka. Kowane giram ɗinsa kalori 9 ne, babban cokali ɗaya kusan 120, kuma ido ba ya iya ƙiyasta shi idan ana tsiyayawa daga kwalba. Ki ɗora kwalbar a sikeli, ki mayar da shi sifili, ki zuba, ki mayar da ita. Lambar da ta fito da alamar ragi ita ce abin da ya shiga tukunya.

Yana da aibobinsa. Wanda ya fi ɓata rai shi ne kashe kansa da yake yi bayan minti ɗaya ko biyu. Yaro ya kira ki, ki dawo ki tarar lissafi ya goge. Ki riƙa rubuta kowace lamba nan take. Faffaɗan faranti yana rufe allon, sai an kifa ƙaramin kwano a ƙarƙashinsa. Tukunya mai zafi tana rikita na'urar awon da ke ciki, tana iya narkar da roba ma, don haka a sa katako a tsakani, a danna sifili tukuna. Kilo 5 ya yi wa babban gida kaɗan idan tukunyar mai kauri ce, gara a nemi mai kilo 10. Idan lamba tana rawa, ko dai teburin ba daidai yake ba, ko batir ya yi sanyi. Gwajinsa da sauƙi: ruwa lita ɗaya ya nuna giram 1,000.

Akwai abin da ya dame mu fiye da waɗannan. Kada a auna farantin yara, kuma gara uwa ta yi nata awon a kicin, ba a gabansu ba, musamman 'yan mata masu tasowa, don suna saurin ɗaukar tsoron abinci. Mai juna biyu, mai shayarwa, da wadda ta taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, ba mu ba su shawarar wannan ƙirge ba. Mai shan maganin ciwon suga ko hawan jini ta fara ganin likita, domin idan abinci ya ragu sosai ana iya buƙatar rage magani. Tsarin da bai kai kalori 800 a rana ba kuwa, ba a yinsa sai likita yana bibiya.